Magaryar Inna

"Sauke hannunka, Sallau!" in ji yayansa Mamuda. "Ka san doka. Ganye ɗaya ka tsinka a magaryar nan, zobenta zai yi kuka, a yanke wa unguwa ruwa."

"Yaya, don wankan gawarta fa Inna ta dasa ta!"

Mamuda ya juya baya yana goge ido.

Sallau ya dubi zoben ƙarfen da hukuma ta ɗaura wa bishiyar, jar fitilarsa na ƙyaftawa. Ya durƙusa yana laluben ƙasa, ko iska ta kaɗo wani ganye. Masu shara sun riga shi tun asuba.

Goggonsu ta leƙo daga zaure. "Sallau, ruwan na hucewa. Mu wanke ta haka nan?"