Fangalin da Ba a Shuka Ba

Da hantsi, lokacin da ma'aikata suke rataye madubai a tsakanin kunyoyin tumatir, wani dattijo yana durƙushe a ƙarshen lambunsa yana shafe jiƙaƙƙiyar ƙasa da gefen katako. Fangali ne ɗan ƙarami a gindin katanga. Kullum sai ya ba shi ruwa, ya tsince tsakuwa, ya lailaye shi sumul, alhali bai taɓa jefa masa ƙwayar iri ba.

Lambunan suna jere ne a bayan dogayen gidajen haya, kowane gida da ɗan yankinsa. A bana wata mai shirya baje kolin zane ta kawo shawarar a mayar da su wurin nuna ayyukan masu fasahar zamani. Abokan aikinta sun yi mamakin yadda ta tsallake manyan zauruka ta zaɓi wannan lungu mai warin taki. Ba ta yi musu bayani ba. Maƙwabta kuwa, da ta gama magana, babu wanda ya yi jayayya.

Aka kafa sassaƙen ƙarfe a cikin albasa. Aka shimfiɗa zaruruwa masu launi a kan karas. A lambun wani mai kabeji aka tsire tsoffin takalma a kan sanduna.

"Ashe dukiya na yi ta zubarwa a bola ban sani ba," in ji mai kabeji. "Hajiya, ɗauko mini silifas ɗin nan da ya tsinke, yau zan zama mashahuri."

Dattijon ya ba da lambunsa duka, face wancan fangali. Shi ne kuma kaɗai matar mai baje kolin ta nema wa kanta. Ta ce ba za ta kafa komai a kansa ba. Tsinke kawai za ta ɗauka ranar buɗewa ta yi zane a kan ƙasar, a gaban dattijon.

"Malama, ki yi haƙuri," ya ce. "Wurin yana da mai shi."

Ya ba ta labarin da yake bai wa duk wanda ya tsaya. Yana da 'ya guda. Tun tana ƙarama, idan ya gama ban ruwa, nan take zama ta zana tsuntsaye da tsinke, shi kuwa ya bi ya share da ƙafa, don yana ganin wasa ne da zai raba ta da karatu. Da ta girma ta tafi koyon zane can nesa, bayan wata magana mai ɗaci da ta fita daga bakinsa.

"Amma za ta dawo. Idan ta dawo, ina so ta tarar na gyara mata allonta."

Mai kabeji ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Matarsa ta juya ta shige gida. Haka suke yi duk lokacin da aka ambaci 'yar.

Mai baje kolin kuwa ba ta fid da tsammani ba. Ba a taɓa ganin ta iso bayansa ko ta tafi kafinsa ba. Tana ɗauko masa manjagara daga bayan tankin ruwa tun bai nema ba. Idan famfo ya ƙi, ta san inda ake bugunsa ya kawo. Wata rana ya tsaya yana kallon yadda take ɗaure tumatir da yankin tsumma, tana barin sarari don kada karan ya shaƙe idan ya yi kauri.

"Wannan ɗaurin na masu lambu ne. A ina kika koya?"

"A gida, Baba."

"To, Allah Ya saka wa wanda ya koya miki."

Ta ce amin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ranar buɗewa dattijon ya sa fararen tufafinsa, ya ajiye kujera kusa da fangalin, ya fuskanci ƙofa. Jama'a suka cika lambunan, suna ɗaukar hotuna, suna taka latas suna neman afuwa. Duk macen da ta shigo sai ya ɗan miƙe, ya ƙura mata ido, sannan ya koma ya zauna.

Da la'asar ta yi sanyi, matar ta zo ta durƙusa a bakin fangalin da tsinke a hannunta. Maƙwabta suka matso. Ba ta nemi izini ba. Ta ja layi ɗaya mai lanƙwasa, kamar bayan tsuntsu, ta ɗago tana duban fuskarsa.

Ya kalli layin tsawon lokaci. Leɓunansa suka motsa. Sai ya miƙa hannu ya riƙe nata, ba da ƙarfi ba, ya zare tsinken.

"Kin yi mana alheri, Malama, ba na so in ɓata miki. Amma na yi wa yarinyar nan laifi sau ɗaya a wannan wuri. Ba zan ba wa wata wurinta ba."

Ya ɗauki katakonsa ya shafe layin a hankali, har ƙasar ta koma sumul.

Jama'a suka watse. Madubai suka daina ɗaukar rana. Ya dubi ƙofa duba na ƙarshe, ya ce, "Ku masu zane kuna sanin juna. Idan Allah Ya haɗa ku, ki ce mata na ajiye mata wurinta, kuma ba zan ƙara sharewa ba."

"Zan gaya mata, Baba."

Sannan ta naɗe kujerar, ta kama hannunsa zuwa gida, ta zuba masa ruwan alwala, kamar yadda take yi kullum tun ranar da ta dawo ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ni ce," shi kuma, da yake tsufa ya taɓa tunaninsa, ya dube ta da fara'a ya tambaye ta ko ita 'yar wane ce.