Manomin Albasa da Famfon Banza

Ka ce kayan da ka saya ta waya sun iso bayan an riga an mayar maka da kuɗinka, kana tambaya ko rabonka ne. To, gyara zama in ba ka misali.

Wani manomi ne yake noman rani a bakin fadama, albasa ce sana'arsa. Babu abin da ya ishe shi kamar injin ban-ruwansa, tsohon inji mai zuƙar fetur, ga hayaƙi, ga gardama in an zo tayar da shi. Wata rana yana latse-latsen waya ya ci karo da tallar famfo mai aiki da hasken rana, a wurin wani ɗan kasuwa a birni mai nisa. Suka daidaita, ya tura kuɗi, aka ce an ba direba saƙo a tasha. Daga nan shiru kake ji, kamar an aiki bawa garinsu. Ashe motar ce ta lalace a hanya, aka raba kayanta ga wasu motoci, saƙon manomi ya bi wata hanya daban. Manomi ya dinga kira yana kumfar baki, har da cewa an damfare shi. Shi kuwa ɗan kasuwar mutum ne mai gudun zubewar mutunci. Ya ba shi haƙuri, ya mayar masa da kuɗinsa cif, ya rungumi asara.

Ana nan, har manomi ya cire rai, sai ga kira daga tasha: ya zo ya ɗauki kayansa, sun tare musu wuri. Ya je ya tarar da famfo dal a kwali, da farantan da ke kama rana, da ɗan akwatin da wayoyi suke haɗuwa a ciki. Ya ɗauko su ya kawo gida yana murmushi shi kaɗai. Matarsa ta ce, "Malam, ba ka kira mutumin nan ka gaya masa ba?" Ya ce, "Ke dai ba ki san rabo ba in ya rantse. Shi ya yafe, ni na tsinta." Kai ma ka san mutumin bai yafe ba. Haƙura ya yi da abin da yake zaton ya ɓata, kuma wanda ya haƙura da ɓataccen abu bai ce ya ba ka kyauta ba.

Tunda ruwa ya zama na banza a ganinsa, sai ya buɗe ciki. Ya sayar da tsohon injin, ya haɗa da kuɗin da aka mayar masa, ya kama hayar filin da ke maƙwabtaka da nasa, ya zuba taki, ya dasa albasa har bakin iyaka. Sai da aka zo haɗa famfo sannan ido ya raina fata. Al'adar ɗan kasuwar nan ita ce, duk wanda ya sayi kaya a wurinsa, sai ya kira shi ta bidiyo, ya nuna masa wannan waya nan za ta shiga, waccan can, har ruwa ya fito. Manomi ya san da haka sarai, amma da wane baki zai kira mutumin da bai gaya wa kaya sun iso ba? Ya tsuguna gaban akwati ya ce ai ba wani abu ba ne, waya ja ce da baƙa. Ya haɗa yadda ya ga dama. Da rana ta take, sai akwatin ya yi ƙara, wani siririn hayaƙi ya fito, wari ya tashi. Ko ɗigon ruwa bai gani ba.

Albasa kuwa ba ta san uzuri ba, kuma lokacin ta fara yin kai. Ya zaga neman aron inji, kowa nasa yana bakin aiki. Ya koma ga guga da bokiti, shi da iyalinsa, tun safe har hannu ya yi kanta, amma ina bokiti ina fili biyu? Ganye ya fara kwantawa, ya yi rawaya, ya bi ƙasa, manomi yana kallo. Wallahi abin tausayi ne, domin manomi ne na gaske, ba rago ba.

Da ya ga uwar bari, ya kira ɗan kasuwar, ya faɗi gaskiya. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Bawan Allah, da ka kira ni ranar da kaya suka iso, da ko jinkirin biya ka nema na ɗaga maka ƙafa, haɗawar kuma ba ta kai shan shayi ba. Yanzu akwatin ya ƙone, famfon kuma har yau nawa ne." Manomi ya tashi ba inji, ba albasa, ga haƙƙin mutum a wuyansa.

Saboda haka ɗauki wayarka tun yau. Ka kira wanda ya sayar maka, ka ce masa kaya sun iso, ko ka biya, ko ka mayar. In ya ce ya bar maka, ka ci da bismilla, halak ɗinka ne. Amma kada ka yanke wa kanka hukunci a kan dukiyar wani don kawai bai gani ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kwaɗayi mabuɗin wahala.