Injin Sharar da Mudi Ya Zaɓa

Tun da aka hana tsintsiya, injin shara marar waya ake amfani da shi, kuma duk abin da ya zuƙa sai ya sanar da hukuma. Mai tari ɗauke shi ake yi. Baban Tanimu kuwa tari yake.

Tanimu ya je shagon amininsa Mudi, mai sayar da injinan shara.

"Wanne ne ba ya tsegumi?"

"Ɗauki tsohon nan mai bakin share tabarma. Bebe ne, wallahi," in ji Mudi, idonsa a ƙasa.

Tanimu na gama share tabarmar Baba, 'yar fitila ta kama a bakin injin. Kafin la'asar farar motar hukuma ta iso.

Baba yana laluben takalmansa ya ce, "Ka gaishe min da Mudi. Yaron kirki."