Mutanen Da Audu Ke Gani

Litinin ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye da hadari.

Sodangi ya ɗora yayansa Audu a babur daga Badarawa zuwa asibitin Ƙaura Namoda, ya ɗaure shi da rawani a bayansa don kada ya zame. Armiya'u, babban ɗan Audu, ya biyo su a nasa babur. Ba wanda ya gayyace shi.

Shekara biyu ke nan Audu na mantuwa. Sai ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Wannan bai dami kowa ba. Abin da ya tada hankali shi ne maganar da ya fara yi a ƙofar masallaci bayan azahar, wai mutum biyu na shigowa gidansu da rana, fuska a naɗe, su kwashi jarkoki a bayan rumbu su fita ta dangar baya.

Magana ta kai kunnen 'yan sa-kai. Shugabansu ya ce ko dai a kawo takardar likita cewa tsohon gane-gane yake yi, ko su ɓoye mutanensu a gidan su gani da idonsu. Kowa ya san abin da ake yi wa gidan da aka kama yana ba 'yan daji man fetur.

Sodangi ya rantse ciwo ne. Ya ji a rediyo akwai ciwon tsufa mai sa mutum ganin waɗanda ba su nan. Armiya'u bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Kwanan nan ya rage magana, yana yawan leƙa bayan rumbu shi kaɗai. Sodangi na lura da shi.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta faɗa wa Audu sunan abu uku, ta ce ya riƙe. Ta sa shi ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ta lanƙwasa hannunsa ta miƙe. Da ta nemi abu ukun nan, ko ɗaya bai kawo ba, sai ya shiga ba ta labarin shekarar da fara ta cinye masa gero.

"Yana jan ƙafa? Yana kai duka cikin barci? Yau garau, gobe a ruɗe?"

"Ko ɗaya," in ji Armiya'u.

Ta juya ga Sodangi. "Baba, ciwon mantuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai cinye abin da ya faru ɗazu, ya bar na da. Akwai mai sa gane-gane, shi da sandarewar jiki yake zuwa. Akwai mai fara canza hali, mai kunya ya koma marar kunya. Nashi ya fi kama da na farko."

"Sake duba shi, ɗiyata. Na biyun ne."

"Na duba, Baba. Yaushe yake ganin mutanen?"

Sodangi ya buɗe baki, Armiya'u ya riga shi. "Alhamis kaɗai. Ranar kasuwar Shinkafi, in gida ya watse."

"Ba mai zama da shi?"

"Baba Sodangi na nan zaure. Ba a hangen bayan rumbu daga can."

Likitar ta rufe biro. "Mai gane-gane ba ya zaɓen rana. Zan rubuta magani, amma ba zan rubuta yana ganin abin da babu ba."

Sodangi ya sa hannu ya karɓi takardar maganin. Audu ya taɓa gwiwarsa ya tambaye shi ko an yi azahar.

A hanyar komawa ruwa ya sake sauka. Suka fake a wata rumfa. Armiya'u ya ce shi zai kai wa 'yan sa-kai amsa da bakinsa, su zo Alhamis, duk wanda aka kama ya ji da kansa. Sodangi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka yi daidai."

Da safe Sodangi ya ba Audu koko da maganinsa, ya taka zuwa tudun da waya ke samun layi, ya kira mutanen nan biyu ya ce kada su zo Alhamis, zai nemo musu wani gidan.