Tsohon Alƙali da Sanda Ruwa-Biyu

Tunda ka ce girmanka ya wuce ka tsaya gaban na ƙasa da kai ka ce ba ka sani ba, zauna ka ji misalin wani tsohon alƙali.

Bayan ya ajiye aiki, likita ya gaya masa in bai riƙa tafiyar ƙasa ba, ciwon sukari zai kwantar da shi. Sai ya bi wasu abokansa uku zuwa filin ƙwallon lambu, wasan nan da ake kira golf, inda ake kora 'yar farar ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami. Kowace Asabar su huɗu suke zagaye filin, kuma tun rasuwar matarsa babu wata hira da ta rage masa sai wannan. Da kafaɗarsa ta fara gazawa, 'yarsa ta aiko masa da wata sanda ruwa-biyu, wadda kanta bai kai na babbar sandar bugun nesa ba, ya kuma fi na siraran sandunan kauri. Aka ce don irinsa aka ƙera ta. To, in ya kafa ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai a mafarin kowane rami ya buga, sau ɗaya cikin biyar ƙwallon kan tashi ta miƙe sambal kamar an ja zare. Sauran kuwa, wata ta yi sama ta faɗo nan kusa, wata ta bi ƙasa da gudu kamar gafiya, wata ta shige cikin ƙaya. Abokan su tsaya cikin rana suna jira, shi yana can yana tonon ciyawa. Ba wanda ya yi masa gori, amma wata Asabar ya iso ya tarar sun riga sun yi nisa ba su jira shi ba.

Abin ya sosa masa rai, sai dai abin da ya fi tsaya masa shi ne bugun nan guda mai kyau. Hannu ɗaya, sanda ɗaya, me ya raba shi da sauran huɗun? Ya canja tsayuwa, ya canja riƙo, ya ƙara ƙarfi har kafaɗar ta kumbura, bai gano ba. Mutumin da ya shekara talatin ana kawo masa tambaya yana yankewa, bakinsa ya yi nauyin kai tasa wurin wani. Rannan ya yi sammako shi kaɗai, sai ya ga wani ma'aikacin filin da bokitin yashi, yana cike gurbin da sanduna suka ƙwarzana a wurin bugun farko. Shekara uku yana wuce mutumin nan da ɗaga hannu kawai. Yau ya lura cewa kafin ya zuba yashi sai ya tsuguna ya ƙura wa kowane gurbi ido, wani ma har ya shafa shi da yatsa. Alƙali ya yi kamar zai wuce, son sani ya dawo da shi.

"Malam, me kake dubawa a ƙasar nan kafin ka rufe?"

"Allah ya gafarta Malam, sawu nake gani. Shekarata ashirin da biyu a nan, ban taɓa buga ƙwallon nan ba, amma kowa na san sawun sandarsa. Ga naka na jiya."

Ya nuna masa wani gurbi mai zurfi, a bayan hudar tsinke. Gefe kaɗan ya nuna masa na wata likita mai irin sandarsa, wadda ya ce bai taɓa ganin ta shiga ƙaya neman ƙwallo ba. Nata ɗan shafe ne kamar an bi da aska, kuma a gaban hudar yake. Ya ce ita tana nutsa tsinkenta har sai kansa kawai ya rage, ta sami ƙwallon tukuna sannan ƙasa, ta bar wa sandar aikin ɗagawa. "Kai kuwa tsinkenka dogo, kuma kwasowa kake so ka yi daga ƙasa, kamar mai ɗiban miya da ludayi."

Alƙali ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya daɗe yana kallon sawun nan biyu. Daga ranar ya nutsa tsinkensa, ya rage ƙarfi, in ya buga kuma ba ya saurin ɗaga kai, sai ya fara duba abin da sandar ta rubuta a ƙasa. Mako shida yana sammako, mai bokiti yana leƙowa ya ce yau sawun ya matso gaba, ko ya ce an koma gidan jiya. Sannu a hankali gurbin ya tsallake hudar. Ranar da ya sake haɗuwa da abokansa, ƙwallonsa ba ta kai tasu nisa ba, amma rami bayan rami tana sauka tsakiyar fili, har ya zama shi ne ke tsayawa a inuwa yana jiran su. Ɗaya daga cikinsu ya karɓi sandar ya jujjuya, ya karanta sunan da ke jikinta, bai tambayi yadda aka yi ba, ya je ya sayo irinta sak. Har yau in ka je filin ranar Asabar za ka hango abokin nan cikin ƙaya, da sabuwar sandarsa, yana tonon ciyawa.

Shi ya sa Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.