Ɗan Kwangila Ya Zo Wanke Kansa

"Zan sa a hana ku talla, in ga uban da zai riƙe jaridar!" Ɗan kwangilar ya daki teburin Edita.

Edita ta yi murmushi. "Ranka ya daɗe, ai ba ma karɓar talla. Ƙa'idarmu ce mu ji ta bakin mutum kafin mu buga labarinsa. Ga rikoda a kunne."

Ya juyo ya harare ni, ni da na yi binciken. "Ke yarinya, rubuta da kyau! Maganin asibitin nan lafiyarsa ƙalau. Kwanan wata kawai muka sauya a kwalin, kuma kowa haka yake yi."



"Wane magani?" in ji Edita. "Mu a kan rufin makarantar da ya rufta muka kira ka."