Kwabon Baba

"A birnin Shenzhen, sai an yi layi ake cin girkina," in ji Meng Deshun, yana sauke jaka a tsakar gidansu. Shekara da shekaru bai zo cin abincin jajibirin sabuwar shekara ba, kullum hujjarsa ɗaya: babban kuku ba ya hutu. Gaskiyar magana, motoci yake gadi a bayan otel ɗin da yake cewa yana girki a ciki. Ko ƙwai ya soya sai ya ƙone.

Guilan, matar yayansa, ta tafa hannu. "To madalla, babban kuku! Dubi yatsun Inna yadda suka kumbura. Bana kai za ka yi mana jiaozi." Wato ƙananan naɗin kwaɓin fulawa masu nama a ciki, da ake dafawa a ruwa.

Ya dubi Inna. Ta gama faɗa wa ƙauyen kaf ɗanta ne ke ciyar da manya a birni. In ya ce bai iya ba, ba shi kaɗai zai kunyata ba. Ita kuwa tana ta murza jan zaren da ke wuyanta, wanda tsohon kwabon marigayi Baba ke rataye a jiki.

Washegari da safe Inna ta fita kamar kullum, wai miƙe ƙafa take da ƙawayenta. Deshun ya laɓe bayan rumbun masara, ya kira shagon Pang da ke cikin gari. Ya shaƙe murya, ya ce sunansa Wang, yana son jiaozi ɗanye, na kabeji da naman rago. Can yana jin mai shagon tana cewa a buɗe wayar kowa ya ji, hannunta duk fulawa ne.

Da rana ya shigo da kwalin jiaozin ta ƙofar baya, ya kori kowa daga kicin, ya sa sakata. "Sirrin sana'a ne." Ya yi ta buga wuƙa a kan katako, ya watsa fulawa a gira. Tafasa ruwa dai ya iya.

Da yamma aka kewaye tebur. An ajiye wa Baba kwanonsa da tsinkayen cin abincinsa a gaban kujerar da ba kowa. Yaya Defu ya kai ɗaya baki, ya lumshe ido. "Kai! Kamar na Inna sak, har naɗin bakin."

"Jini ne, Yaya," in ji Deshun.

Sai ya lura kowa na tauna a hankali, ana kallon juna. Nan ya tuna. Kwabon! Kowace shekara ana ɓoye shi cikin jiaozi ɗaya, wanda ya ci karo da shi, shekarar tasa ce. Ba a taɓa tsallakewa ba tun Baba na raye. Shi kuwa ya manta sam.

Faranti na raguwa. Yara na ta cusawa. Deshun na zufa, ba abin da zai iya. Inna ta ɗauko wani daga gefe, ta sa masa a kwano. "Ci, ɗana."

Ya ciza. Ƙas! Ya tofo kwabon Baba a tafin hannu, da hujinsa na tsakiya.

Aka fara tafi, amma Guilan ta ɗaga hannu. "Tsaya, babban kuku. Kwabon nan a wuyan Inna ya kwana, kai kuma ka sa sakata, ba wanda ya shiga. Ta ina ya bi?"

Duk idanu na kansa.

"Ku bar shi ya ci abinci," in ji Inna, tana murza kumburarrun yatsunta. "Tun rasuwar babanku ni ke yi wa shagon Pang naɗi kowace safiya, kuma ko ya ce sunansa Wang, na san muryar ɗana."